Ta Ƙi Karɓar Ƙyallen da Na Yi Mata

Gwaggo mai wannan fili, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan iya faɗa wa wannan baki da baki, kunya ba za ta bar ni ba.

Shekarata goma sha shida. Ni da Baba da ƙanena muna zaune a cibiyar karɓar 'yan gudun hijira, ɗaki ɗaya, labule a tsakani. Umma ta rasu a hanya. Ranar da muka iso, wata jami'ar jin daɗin jama'a ce ta tarbe mu, muna ce mata Anti Mai Jar Jaka. Ita ta kai Baba asibiti, ta samo wa ƙanena makaranta. Da ta ga kullum ina raɓe a taga, sai ta nuna min kantar littattafan cibiyar, ta yi kamar ba ta ga na soyayya kaɗai nake ɗauka ba. Ita ce ta fara tambayata kalar da nake so tun bayan Umma.

Kar ki yi min dariya, Gwaggo. A zuciyata har na aura wa Baba ita, don a littafi haka ake yi. Na ma zaɓa mata gefen da za ta riƙa zama in muna cin abinci.

Yanzu an samo mana gida, kuma ita ce ta yi ta zirga-zirga har aka samu. Sai ta ce daga ranar da muka tashi wata jami'ar ce za ta ci gaba da mu. Na yi mata ƙyallen tebur da zaren da na warware daga tsohuwar rigata, na yi furanni ja. Ta shafa shi ta daɗe, sannan ta mayar min, wai dokar aikinsu ta hana karɓar kyauta. Lambar wayarta ma ta hana ni.

Baba ba ya jin yaren ƙasar nan, ni yake tambaya komai. In na ce masa gidan bai yi ba, zai ƙi shi, mu ci gaba da zama kusa da ita. Zuciyata na ta ce min in yi hakan. Shin dama ba ta taɓa sona ba, aiki ne kawai?

Mai Zaman Taga

'Yata,

Ban yi dariya ba. Wadda ta rasa uwa a hanya, duk hannun da ya fara ɗaga ta dole ta riƙe shi da ƙarfi. Ba laifi kika yi ba.

Amma dubi ɓangaren Antin. Da tana karɓar kyauta, matar da ke ɗakin kusa da naku, wadda ba ta da ko zare, za ta ɗauka sai da abin hannu ake duba mutum. Dokar saboda ita aka yi ta, kuma ke ma ta kare ki ranar da kika iso hannu wofi. Aikinsu irin na ungozoma ne: ta karɓi haihuwa da hannu biyu, amma ba ta bin jariri gida. Kin tambaya ko so ne ko aiki. Babu dokar da ta ce ta tambayi kalar da kike so.

Kar ki yaudari Babanki. Ya ba ki amanar kunnensa. In kun ƙi gidan, wahalar Antin kika zubar, kuma ba Umma za ta zama ba.

Ki je ku yi sallama, ki gode mata da bakinki, wannan babu dokar da ta hana. Ki gaya wa sabuwar jami'ar kina son wadda za ki riƙa yi wa maganar Umma, sun san inda ake samu. Baba ma ki taɓa masa zancen. Ina zaton shi ma a bayan labulen nan yake nasa kukan.

Ƙyallen kuma ki tafi da shi. Sabon gida zai so abin da za a fara shimfiɗawa a tebur. Allah ya ji ƙan Umma, ya sa ku shiga a sa'a.

Gwaggonki