Na Yi wa Baƙi "Sai da Safe" Suna Shigowa

Anti Verna, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki sa sunana.

Shekaruna sha uku, bara na gama firamare a Cahuita, garinmu na bakin teku a Costa Rica. Ran Asabar nakan taya Gwaggo Merlene, ƙanwar babana, aiki a rumfarta ta shinkafa da wake mai madarar kwakwa. Ta ce tunda ina jin Turanci, ni zan riƙa tarbar baƙi.

Kin san mu nan idan rana ta faɗi, da kalmar "sai da safe" ta Turanci muke gaisawa. Da ita na tarbi wasu Amurkawa. Suka fashe da dariya, wata mata a cikinsu ta ce, "Yanzu muka shigo, har kin tura mu kwanciya?" Wani mutumin San José, babban birnin ƙasarmu, a teburin gefe ya ƙara da cewa, "Yarinya, a Costa Rica kike, yi Sifaniyanci mana." Na ruga kicin na ɓuya bayan buhun kwakwa. Delroy ɗan Gwaggo yanzu "Malama Sai-da-safe" yake kirana.

Tun ranar ko kakata ta yi mini magana da yarenmu, wato Turancin nan namu na gida, da Sifaniyanci nake amsawa. Ta daina kirana hira. Ga shi malamarmu ta zaɓe ni in yi wa baƙi maraba da Turancinmu da Sifaniyanci ranar bikin 'yancin kai. Ina so in ce ba ni da lafiya. Anti, ashe Turancinmu karyayye ne?

Mai jin kunya, Cahuita

'Yata, ba karyayye ba ne. Da shi kakanninki suka yi ciniki, suka yi addu'a, suka raini yara a wannan gaɓar tekun. Amurkawan ba su san gaisuwarmu ba ne, ban jin da mugunta suka yi dariyar. Koyi tasu gaisuwar don aikin rumfa, ba laifi ba ne. Mutumin San José kuwa, shi ya kamata ya ji kunya: ƙasar nan taki ce kamar yadda take tasa.

Kada ki yi ƙaryar ciwo. Abin da ya fi damuna shi ne kakarki. Je ki zauna kusa da ita yau, ki ba ta labarin nan da yarenku. Za ta yi dariya, ki bar ta ta yi. Sannan ki roƙe ta ta saurari jawabinki kafin kowa. Allah ya buɗe bakinki ranar, 'yata.

Anti Verna