Na bar ta a Shinkafi na dawo na rubuta jarrabawa

Assalamu alaikum. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun farko ku sani ni ne mai laifi, ban zo neman wanda zai wanke ni ba.

Ina ajin ƙarshe a wata babbar makaranta a Kaura Namoda. Akwai yarinyar da nake nema da aure, ajinmu ɗaya, zan kira ta Hauwa'u. 'Yar wajen Zurmi ce, babanta manomi. Da ƙyar ya bar ta ta yi karatu, kuma da sharaɗi: daga hostel sai aji, kada ta kuskura ta hau hanyar Shinkafi, domin a hanyar ne aka ɗauke yayanta, har yau ba labarinsa.

Ana gab da jarrabawa abokina ya yi aure a Shinkafi. Duk abokanmu za su je da 'yan matansu, ni ma na matsa wa Hauwa'u ta raka ni. Ta ce karatu take yi, kuma na san maganar Baba. Na yi fushi, na ce ta fi son takarda a kaina, na daina ɗaga wayarta. Da gangan na yi, na san ba ta iya jure fushina. Ranar Asabar sai ga ta a tasha da littafinta a jaka.

Lahadi muna shirin dawowa aka ce an tare hanya, direbobi suka ajiye motoci. Litinin da safe kuwa muna da pepa mafi nauyi. Wani ɗan acaba ya ce zai bi ta daji, amma mutum ɗaya zai ɗauka, kuma ba zai ɗauki mace ba. Na ce wa Hauwa'u zan je in nemo mana mota. Ƙarya ce. Na bar ta gidan amarya cikin mutanen da ba ta sani ba, na hau babur, na zo na rubuta jarrabawata. Ita sai da aka buɗe hanya ta dawo, an riga an gama.

Yanzu shugaban sashenmu ya ce za a iya sake ba ta pepar, amma sai mahaifinta ya zo da kansa ya tabbatar cewa hanya ce ta tsare ta. In bai zo ba, sai ta ƙara shekara. Babanta kuwa bai san ta taka Shinkafi ba. In ya ji, ina tsoron ya cire ta gaba ɗaya. In bai ji ba, za ta ƙara shekarar da ya riga ya ce ba zai lamunta ba, kuma dole ya tambayi dalili. Ƙawarta ta ce a samo wani dattijo ya zo a matsayin babanta. Hauwa'u ta ƙi, ta ce ƙaryar da ta yi ta ishe ta.

Ni kuma zuciyata na cewa in tafi Zurmi in durƙusa gaban tsohon nan, in ce ni na ja ta. Na san daga ranar maganar aurenmu ta mutu. Wannan zan iya ɗauka. Abin da ban sani ba, shin zuwan nawa zai cece ta, ko zai ƙara tona mata asiri? Iyaye da ke cikin gidan nan, in ku ne shi, me za ku yi? In je, ko in bari ta faɗa masa da bakinta?

Jiya na same ta a ƙofar laburare. Ba ta zage ni ba, ta dai tambaye ni ko pepar ta yi sauƙi. Na ce mata, "Hauwa'u, ba mota na tafi nema ba, guduwa na yi na bar ki. Ni na kai ki, ni na yashe ki. Ki yafe mini don Allah, ko da ba za ki sake kallona ba."