Malaman Motar Doya

Bukan Sidi, Lafiya
Watan Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Mutmainna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya baƙunta, yaya sabon wurin aiki? Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah.

Kin ce makarantar ƙauyen da aka tura ki ba za ta gyaru ba sai gwamnati ta ba ku bas. Kusan duk malamin da na sani haka yake zato, wai in zirga-zirga ta gagari mutane, to motoci ne suka yi kaɗan. Bari in ba ki labarinmu, ki auna da kanki.

Kin san makarantarmu tana wani ƙauye ne a hanyar Obi, mu kuwa malamai a cikin gari muke zaune. Tunda fetur ya yi tsada, zuwa aiki ya koma na ganin dama. Wanda ya zo Litinin ba a sake ganinsa sai Alhamis. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Malama Perpetua. Ita kaɗai ke koyar da kimiyya, ga 'yan ajin ƙarshe za su zauna jarrabawa a watan Mayu, ita kuma ta nemi a mayar da ita makarantar cikin gari. Ban ga laifinta ba, albashinta a hanya yake ƙarewa. Amma in ta tafi ba za a turo mana wata ba, yaran nan za su shiga jarrabawa da rabin karatu.

Wata safiya ina bakin titi ina jiran abin hawa, sai akori-kurar maƙwabcinmu Babandi ta wuce ni, ba komai a bayanta sai igiya da tamfol. Da na isa makaranta da ƙyar, sai na tarar da ita gindin mangwaron bayan katangarmu ana loda mata doya. Mutmainna, ashe shekara da shekaru motar nan tana zuwa inda muke zuwa, a lokacin da muke zuwa, tana ƙona mai a banza!

Na sami Babandi da yamma. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malama, ku masu guga da turare ne za ku shiga bayan motar doya? Kar ku sauka a ce na ɓata wa gwamnati ma'aikata." Na ce mu dai gwada. Muka ari benci daga makaranta, mata a gaba, maza a baya, muna haɗa masa ɗan abin mai. Dawowa ba ta da wuya, don da rana motocin ƙauye duk gari suke nufa.

Yanzu ɗalibai "malaman doya" suke ce mana. Ba komai, tunda kafin a buga ƙararrawa muna nan. Perpetua ta ce za ta dakata ta gani. Ki taya mu da addu'a.

Ki gaida maigidan da kyau.

Taki Yaya,
Zuwairatu

Bukan Sidi, Lafiya
Watan Maris

Mutmainna ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Yaya zafin nan, ya jikin naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yau ba da daɗin rai nake rubuto miki ba. Motarmu ta tsaya. Ba lalacewa ta yi ba, doya ce ta ƙare. Mu 'yan gari kullum muna ganin doya jibge a kasuwa, sai muka manta cewa a ƙauye tana da lokacinta. Manoma sun sayar da ta sayarwa, wadda ta rage iri ce ta shuka, ba mai taɓa ta. Duk iliminmu ba wanda ya tuna da wannan sa'ad da muke murna.

Babandi da kansa ya zo har gida ya faɗa mini, yana ta sunkuyar da kai. Ba zai iya zuwa ba kaya ya dawo ba kaya ba. Yana da iyali, ban matsa masa ba.

Mun koma yadda muke. Abin baƙin cikin kuma, yanzu ne aka amsa wa Perpetua buƙatarta, an ce ta ba da amsa bayan hutun Ista. Na same ta tana share allo tana hawaye. Ta ce, "Malama Zuwaira, yaran nan sun shiga raina, amma ƙafa ne zan zo da shi?" Na roƙi shugaban makaranta ya kira taron iyaye, ko da ba abin da za a yi, su ji da kunnensu.

Ki ci gaba da yi mana addu'a. Kowa yana gaishe ki.

Taki Yaya,
Zuwairatu

Bukan Sidi, Lafiya
Watan Yuni

'Yar'uwata Mutmainna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kina lafiya, kuma damina ta sauka lafiya a wajenku. Albishirinki!

An yi taron iyaye. Maza suka yi ta magana a kan a rubuta wa gwamnati. Can sai wata mata mai suna Sewuese ta miƙe, 'yarta tana ajin ƙarshe, ita kuma garin rogo take soyawa. Ta ce da Hausarta, "Doya ya ƙare, to rogo ma ya ƙare ne? Mu kullum muna soya." Ashe kowace mace ita kaɗai take ɗaukar buhunta a acaɓa zuwa bakin titi ranar kasuwa, ribar ta tafi a mai. Nan take matan suka raba kwanaki: kowace unguwa da ranar da za ta kawo garinta ƙofar makaranta, yadda motar Babandi za ta sami kaya kowace ranar karatu.

Ba a fara da daɗi ba. Makon farko kayan bai taka kara ya karya ba, Babandi yana ta gunaguni wai mun mayar da shi direban 'yan biki. Wata rana ma wata unguwa ta manta da ranarta. Amma da matan suka ga buhunansu suna isa kasuwar Lafiya ba wahala, sai har na ƙauyen gaba suka fara kawo nasu. Acaɓan da ke kai-komo da buhu ɗai-ɗai sun ragu, mota guda tana yin aikinsu, masu acaɓan kuma su ke tattaro buhunan daga unguwanni.

Perpetua ta ba da amsa: ta zauna. Ita ta tsaya a kan yaran har suka gama jarrabawa. Sakamako bai fito ba tukuna, amma na ga fuskokinsu sa'ad da suka fito, ba wanda ya fito da kuka. Sewuese ta kawo wa malamarsu ƙullin gari mai ɗumi, ta rungume ta a gaban kowa.

To, saura ke. Gobe ki fita da wuri, ki tsaya bakin hanyar ƙauyenku, ki duba wace mota ce ke tafiya ba kaya. Ki yi wa direban sallama. Amma kafin ku ɗora benci, ki zauna da matan garin, ki tambaye su abin da suke fitarwa rani da damina. Ki gwada, sannan ki rubuto mini yadda kuka yi.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a.

Taki Yaya mai ƙaunarki,
Zuwairatu