Dalilin Zamana a Bakin Ƙofa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ƙanwata, abokiyar shawarata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Kada ki sa wa ranki damuwar rashin zuwa, wanda likita ya hana shiga mota ba a lissafa shi cikin masu yanke zumunci. Mu nan alhamdu lillahi. Malam yana nan da tarinsa, ba ya shan magani sai an tsaya a kansa kamar yaron goye. Ɗan nan nawa, angon ƙarni, yana ta kai da komo tsakanin wurin aiki da asibiti, duk wuyansa ya fito. Autarki kuwa ɗinkin aikin da aka yi mata wajen haihuwar yana kamewa, har ta fara takawa da kanta. Ni dai gajiya ce, irin wadda barci ba ya ɗauke ta.

Na zaɓi takarda a kan waya domin na san halinmu: ke kina da saurin baki, ni kuma idan aka katse ni sai in manta inda na kwana. Labari ya dawo mini cewa matar ƙaninmu, Mai Ɗinki, ta kira ki bayan ta zo dubiya, ta ce ta tarar da ni zaune a benci a waje, na bar 'yarki ita kaɗai da ɗanyen jego da jariri mara ƙwari. An ce kin yi kuka. Ban ga laifinki ba, ita ma ba ƙarya ta yi ba, a bencin ta same ni. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Kin san yaron ya zo kafin lokacinsa, ɗan mitsitsi, kai ka ce a tafin hannu za a riƙe shi. Kowace safiya ana ɗora shi a kan sikeli, kowace safiya kuma sai a ga ya ragu. Likita ya ce raguwa kaɗan ba komai ba ce, amma tasa ta wuce misali, idan bai fara kama nono sosai ba za a ɗauke shi daga gefen uwarsa a kai shi ɗakin jarirai, a zura masa roba ta hanci ana ba shi madara. Tun da ya faɗi haka na daina jin ɗanɗanon abinci.

Akwai wata nas a ɗakin, muna ce mata Mai Tabarau. Ba yarenmu ɗaya ba, amma tana jin Hausa daidai gwargwado, kuma ban taɓa ganin mai ladabi irinta ba. Ta gaya mini an taɓa tara su an koyar da su yadda za su kula da iyalai kowa bisa tarbiyyar gidansu, aka ce musu a gidaje irin namu babbar mace ita ce gaba, ita ake fara gaisarwa, ita ake tambaya, kuma ba a fitar da ita daga ɗaki. Ta riƙe wannan karatu kamar yadda muka riƙe Fatiha. Da hannunta ta kawo mini kujera mai laushi ta ajiye dab da gadon. Idan ta ɗaga labule sai ta rusuna mini, Mama kaza Mama kaza, ta tambaye ni ko ya sha, ko mai jegon ta yi barci, ko akwai inda ke mata ciwo. Ni kuma in ba ta amsa da abin da idona ya gani, cewa an ba shi, ya ɗan taɓa ya saki. Idan ta juya ga yarinyar, sai yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Ran da ta so ta nuna mata yadda ake tallafe shi a ƙirji, yarinyar ta ce a bari sai an jima, nas ba ta matsa ba, don an koya mata kada ta tilasta wa mace buɗe jikinta. Ni ma ban matsa ba. Ina zaune daram, carbi a hannu, ko salla a gefen gadon nake yi in sallame da wuri, wai kada a ce na bar amanarki. Kowa yana girmama kowa, yaro yana ramewa.

Ranar da Allah ya nufa in gane, famfon ɗakin ne ya ɗauke da azahar. Sai da na sauka ƙasa na zaga bayan wurin karɓar magani kafin na samu ruwan alwala, na yi sallata a can, ga gwiwa, na daɗe ban dawo ba. Da na iso bakin labulen sai na ji murya ƙasa-ƙasa. Autarki ce take magana da ɗanta, tana ce masa sarkin ƙyuya, ya buɗe baki ko ta ba wa na gadon kusa rabonsa, tana 'yar dariya. Na kuma ji ƙarar haɗiyarsa, ƙwat, ƙwat, abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife shi. Murna ta sa ban yi tunani ba, na yi sallama na ɗaga labule. Wallahi kafin in rufe baki ta cire shi, ta jawo hijabi ta lulluɓe har ƙafa, ta juya fuska bango, ta tura shi gefe kamar ba ta san ɗan wane ne ba. Yaro ya tsala kuka. Na tsaya da takalmina a hannu. Sai a lokacin na tuna yadda take shayar da shi kullum: a ƙarƙashin hijabi, a karkace, cikin sauri, yana gumi yana lalube har ya gaji ya saki.

'Yar'uwa, yarinyar nan ni na goya ta lokacin da kika yi doguwar jinya. A cinyata take barci, ni nake tsefe mata kai. Ni a wurina har gobe 'ya ce. Ashe tun ranar da muka haɗa ta da ɗan'uwanta na tashi daga inna na koma suruka, ni kaɗai ce ban sani ba. Ga shi ɗan fari. Mu ma haka muka yi a gaban namu surukan, har ana yaba mu, sai dai namu 'ya'yan sun zo da ƙwarinsu.

Ban ce mata komai ba, domin idan ta san na gane, kunyar ninkuwa za ta yi. Na tare Mai Tabarau a baranda na roƙe ta ta riƙa fitar da ni. Ta zaro ido ta ce ita ba za ta iya korar uwa ba, ai abin da aka hana su ke nan. Na ce mata wanda ya koya musu ya yi gaskiya, amma rabin karatun ya ba su, bai gaya musu wani lokacin girman babba shi ne ya ba da wuri ba, kada garin gyaran gira a rasa ido. Ta cire tabarau ɗinta ta goge. Can ta ce to za ta ce dokar asibiti ce ta canza, ba a zama a gefen gado. Na ce a'a, ba za a yi ƙarya saboda ni ba, kuma ga sauran masu jinya zaune, yarinyar ba makauniya ba ce. Ta tambaye ni to yaya za a yi. Na ce ta bar ni da Ubangijina.

Abin da na yi shi ne, na ɗauki alkawari tsakanina da Allah zan sauke Alƙur'ani da niyyar ya ba wa yaron lafiya. Na shiga na gaya wa autarki haka, na ce hayaniyar ɗakin ba ta barin mutum ya tattara hankalinsa, wanda kuwa gaskiya ne, zan riƙa zama a bakin ƙofa, idan tana bukatata ta aiko. Na yi ta juya abin a raina ko dabara ce na yi wa ibada. Na dai bar shi a kan Allah ya san niyya biyu ce, kuma babu ta sharri a ciki. Ta ce to, Allah ya ba da lada, ba ta ɗago kai ba.

Tun daga ranar, nas ce take shiga ta ja labule, su biyu. Ban san me suke cewa ba, ban kuma tambaya ba. Ashe har ciwon da take ji a nonon ba ta taɓa faɗa ba sai da na fita, aka ba ta magani. Yanzu sikeli ya tsaya, ya fara hawa kaɗan-kaɗan, likita ya daina zancen roba, ko da yake ya ce ba zai sallame su ba sai ya ga hawan ya ɗore. Bencin katako ne, babu majingina, bayana kamar an daka. Masu shara suna ɗaga mini ƙafa da tsintsiya, 'yan dubiya suna kallona su kalli juna. Jaririn ma, ɗan angon nawa, ba na samun ganinsa sai da safe idan za a kai shi awo. Mai Tabarau takan rage tafiya idan ta zo daidai ni, ta sauko da shi ta buɗe fuskar, in ce masa miji ya ƙi kawo cefane sai barci, ta wuce da shi.

Roƙona gare ki, idan kin kira ta kada ki yi mata faɗa, kada kuma ki nuna kin san dalili. Ɗan nawa ma ban gaya masa ba, bakinsa ba ya riƙe magana a gaban matarsa. Mai Ɗinki kuwa ki bar ta da abin da ta gani, ba sai kin wanke ni a wurin kowa ba, ke kaɗai nake so ki sani. Karatun ya kusa ƙarewa, ga shi ba a sallame su ba, don haka na fara jan ayoyin a hankali, ina maimaita inda harshena ya yi tuntuɓe. Idan na sauke suna nan, sai in koma Baƙara.

Ki gaishe mini da maigidan, da Gwaggo Babba idan kin leƙa ta, da Ɗan Baba da amaryarsa, da takwarata mai surutu, ki ce mata ina sane da alkawarin ɗankwali. Malam yana gaishe ku. Ki sa jikan namu a addu'a, ni kuma ki roƙa mini ƙarfin baya. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Yayarki.