Rasuwar Hajiya Ya Fanna Kolo da Buhun Ƙyallayen Assaga

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Mata Masu Ɗinkin Bargon Ƙyallaye ta garin Diffa ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma shugabarmu, Hajiya Ya Fanna Kolo, uwargidan marigayi Malam Idrisa na Gueskérou, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan gajeriyar jinya.

Marigayiya ce ta koya mana haɗa ragowar yadi da allura ya zama bargo. Ta san asalin kowane ƙyalle, tun daga saƙin da kakanninmu suka rina a baba, da akokon da fatake ke hayowa da shi Komadugu, har atamfar ranar mata ta bana. Ba ta taɓa yarda a kira ƙyalle tsumma ba.

Tun da mutanenmu suka baro garuruwansu suka zauna Assaga, ta riƙa bi rumfa rumfa tana karɓar ɗan yanki daga tufafin waɗanda aka rasa da waɗanda har yau ba labarinsu, domin ta haɗa su bargo guda. Ba ta gama ba. Ragowar na cikin buhun tattasai a ƙarƙashin gadonta, kuma ita kaɗai ta san mai kowane yanki.

Don haka muna roƙon babban ɗanta, Alhaji Abdullatif Idrisa, da ƴarta, Malama Yagana, cikin girmamawa, idan an zo raba tufafinta sadaka, kada buhun nan ya bi kayan, kada kuma a share shi da shara. Wanda bai sani ba zai ɗauka tsummoki ne. Akwai hannun rigar ɗana Yasin a ciki, shuɗiya, kuma ba ni kaɗai ce uwar da ba ta da sauran abin ɗanta sai wannan ba.

Bayan sadakar bakwai za mu shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan, kowace mace ta zo ta nuna nata, ta faɗi sunan mai shi, mu ɗora daga inda allurarta ta tsaya.

Allah Ya jiƙanta, Ya lulluɓe ta da rahamarSa kamar yadda ta lulluɓe ƴaƴanmu, Ya ba iyalanta da mu juriyar wannan rashi.

Zulfa Illiassou
Magatakardar Ƙungiya, Diffa