Zuwa ga Marta, wadda ta ƙi komawa

Assalamu alaikum ya 'yar'uwata Marta. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a can Sudan ta Kudu, ke da Daniyel da jikoki. Ni ce Hajara, maƙwabciyarki ta gefen garin Suki, wadda kika koya wa yin kisra, wainar dawar nan marar kauri, ba tare da ta ƙone yatsa ba. Na rubuto a fili don masu karatu su san ki.

Kin tuna lokacin tsinkar auduga, da kike zuwa hawasha, wato gona, kin rufe rabin fuska da mayafi? Kika ce ƙaiƙayi ne. Na ɗaga mayafin, na ga aikin hannun mijinki Yohanna.

Kin kai kuka wurin Abuna, limamin kanisarku, wato cocinku, da ke zuwa daga garin Sennar. Ya ce ki yi haƙuri, miji shi ne kan gida. Da Yohanna ya karya miki hannu, ya tafi birni ya zauna da wata har suka haihu, kika koma wurin Abuna. Abuna ya ce kina iya zama ke kaɗai, amma ke matarsa ce har mutuwa, babu wani aure.

Ban taɓa raina addininki ba, kin sani. Mu ma muna da masu ce wa mace ta yi haƙuri har ta shiga kabari. Amma wannan hukuncin bai taɓa shiga kaina ba. Wanda ya karya alkawari yana yawonsa, an ɗaure wadda aka karya wa. Kuma ke ce mai share kanisar, ke ce mai koya wa yara addu'a, ke ce mai jan waƙa duk makon da motar Abuna ba ta zo ba. Amma in za a yanke magana kan aure, sai maza su shiga ɗaki su rufe, mazan da ba su taɓa aure ba.

Kika auri Daniyel mai gyaran famfon ruwa. Aka hana ki karɓar gurasar ibada. Na zaci za ki daina zuwa. Ina! Kowace Lahadi kina can layin baya, muryarki ta fi ta kowa. Kin ce mini, "Gurasa suka hana ni, Hajara, ba su hana ni Allah ba."

To ga albishirin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna Sara, 'yar Lusiya, wadda kika goya? Mijinta ya fara irin ta Yohanna. Satin da ya wuce, da rana tsaka, matan kanisarku suka ɗaura kayanta a keken jaki, suka sa ta a tsakiya, suka bi bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, da ita zuwa gidan uwarta, suna rera waƙoƙin da kika koya musu. Mu matan unguwa muka fito muka bi su da guɗa. Mijin ya tsaya a ƙofa, ya rasa wadda zai kama. Sabon Abuna, wani matashi, ya fito ya ce a zauna a sasanta tukuna. Lusiya ta ce masa, "Marta ta fita, ba ta mutu ba." Ya dube mu, ya matsa gefe, keken ya wuce.

Wallahi Marta, na yi guɗa har muryata ta dishe. Dokar tana nan yadda kika bar ta, ban ce ta sauya ba. Matan ne suka sauya, kuma ke ce kika fara.

Na yi kewarki ƙwarai. Har yau in na dafa jabana, gahawar nan tamu, hannuna kan ɗauko kofi biyu.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar ki da Daniyel cikin daɗin rai, ya warkar da Sara, ya kwantar da ƙasashenmu biyu, ya haɗa fuskokinmu tun muna da ƙafa.

Taki har kullum,
Hajara