Tagar da Malam Isa ya ƙwanƙwasa

Talata da dare, Gusau

Wata takwas ina jiran tagar injin ɗakin gwajinmu, fallen ƙarfen titaniyam da bai kai ɓawon albasa kauri ba. Ta cikinta ƙwayoyin lantarki ke fitowa su kashe dafin ruwan rinin da muka ɗebo Bungudu. Yau Malam Isa, abokin aikina, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, yadda ake gwada tukunya a kasuwar Mada. Ta fashe.

Wai, "Yi haƙuri, lafiyarta nake dubawa."

Gaban ɗalibansa na ce, "Malam, duk furfurar nan, ashe tukunya kaɗai ka sani."

Ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin. Ban hana shi ba. Da ƙafa na nuna masa wanda ya bari ƙarƙashin tebur.